Kafin Umarnin Ya Mutu

Asabar, da hantsi

Sun ɗora mini kwaɗon. Na shigo na tarar da shi zaune a kan teburina, ƙaton kwaɗon ƙarfe mai tsatsa wanda makullinsa ya ɓata tun kafin in zo ɗakin binciken nan. Al'adarmu ce: duk wanda ya aika wa na'ura umarnin da ya kulle shi kansa a waje, kwaɗo zai zauna a teburinsa har sai wani ya tafka irin wautar. Shekaru ina yi wa mutane dariya a kansa.

Na dubi Nilesh, abokin aikina. Ya ce, "Kada ki harare ni, Ripeka. Ni ma na karanta umarnin na ce na gani. Rabin kwaɗon nawa ne, teburinki ne kawai ya fi faɗi."

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina zai daina juyi. Guguwar Alhamis ta tafi da gadar garinmu, ƙasa ta zaftare ta tsinke igiyar intanet. Abin da ya rage shi ne siririyar hanyar rediyon da muka kafa a kan tudu don gwaji. Akwatinmu mai raba hanya yana ɗakin ajiya na marae, gidan taron danginmu, inda kowa ya gudu ya fake. Akwatin ba shi da tunanin kansa, da gangan muka gina shi haka. Daga nan Wellington, babban birnin New Zealand, ake gaya masa komai, ta bakin babbar manhajar da muke kira Kaka, domin ba a motsi sai an tambaye ta.

Jiya wayoyin mutanen gari suka danne hanyar, kiran Anti Huia ungozoma da likita ya riƙa yankewa. Sai na rubuta: kwamfutar Anti kaɗai ta wuce, a tare sauran duka. Ya kuwa yi aiki. Amma "sauran duka" har da muryar Kaka. Yanzu akwatin yana bin umarnina na ƙarshe, ba ya kuma jin kowa.

Ranar Juma'a kuwa na yi, ranar da aka hana taɓa komai a ɗakin nan.

Yaya Tui tana can. Cikinta ya shiga watansa. Mijinta Hoani ya maƙale da motarsa ta dakon katako a tsallaken gada.

Lahadi, da safe

Daga wannan ɓangaren rediyon ina iya ganin yawan abin da yake wucewa, ko da yake ba na ganin mene ne. Layi ne kwance a kan allo. Kowace safiya idan Anti ta ɗora wa Yaya na'urar jin bugun zuciyar jariri, likita yana saurare daga birni, sai layin ya ɗaga ya yi ɗan tudu, ya sauka.

Tudun safe ya fito. Na ci burodi.

Litinin, da azahar

Gowan, shugabanmu, ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Mutumin da ko banɗaki bai cika rufewa ba.

Ya ce, "Kin tuna wa'adi?"

Sai da ya faɗa na tuna. Dokarsa ce, kuma kullum yana alfahari da ita a taro: babu gwajin da zai dawwama. Duk umarnin da muka aika yana mutuwa da kansa bayan mako biyu, sai in Kaka ta sabunta shi. Haka hanyarmu take share kanta. To, Kaka ba ta da bakin magana a can. Juma'ar sama da tsakar rana akwatin zai mance komai, ya zauna shiru. Ba kira, ba likita, ba hanyar cewa a turo jirgi.

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Ni na ƙirƙiro abin nan, Ripeka. Har lambar yabo aka ba ni."

Na ce, "To ka aika musu da lambar su rataya."

Bai ji haushi ba. Ya turo mini farantin biskit, ya ce a kawo kwaɗon ya kwana biyu a teburinsa shi ma. Na ce a'a, na riga na saba da shi.

Litinin, da yamma

Ba zan yi tunanin bara ba.

Talata, da la'asar

Na nemi kujera ɗaya a jirgi mai saukar ungulu, in je in gyara da hannuna. Matar da ta ɗauki waya tana da kirki, amma ta ce abinci da magani da masu rauni ne a gaba, hazo kuma bai bar su sun shiga kwarinmu ba tun Lahadi. Ta sa sunana. Na ji yadda ta sa shi.

Bayan likita ya gama, Anti ta bar ni na ga Yaya. Fuskarta ta kumbura, tana cin tuffa da wuƙa.

"Ke ce kika kashe wa gari waya, ko? Matan kicin sun ce in kin zo sai sun sa ki wanke tukwane har Kirsimeti."

"Yaya, in hazo ya ɗaga, ki hau jirgi."

"Ba zan hau ba."

"Yaya."

"Ripeka, na ce ba zan koma wancan ɗakin na asibiti ba. Na san launin labulensa. A nan Anti ta karɓe ni, a nan ta karɓe ki kina ihu kamar an taka jelar kare. Likita ya ce muddin yana jin zuciyar kullum, kuma ana iya kiransa, zan iya zama. To ki riƙe mini wayarki kawai. Ba aikinki ba ke nan?"

Na ce aikina ne. Ban gaya mata zancen Juma'a ba.

Laraba, da safe

Tudun safe ya fito.

Laraba, da yamma

Nilesh ne ya fara faɗa, yana cin roti, gurasar Indiyawa, da kabewa a kan allon rubutuna kamar gidan ubansa.

"Ita Paua fa?"

Paua ita ce binciken digirina. 'Yar ƙaramar manhaja ce da za ta zauna kusa da akwati ta riƙa ba shi umarni idan Kaka ta ɓace. Na sa mata sunan dodon koɗin tekun da Baba yake ɓanɓaro mana, domin in ya manne wa dutse ba ya saki. Ba ta taɓa fita daga ɗakin nan ba. A kan bencin gwaji kaɗai ta taɓa aiki, kuma ranar da ta ga dama.

Za a iya tura ta ta cikin kiran Anti, a kwafe ta zuwa kwamfutar makarantar firamare, a jona da akwatin da waya. Matsalar ɗaya ce. Da an gaya wa akwatin ya canza ubangida, sai ya zubar da duk tsohon umarni. Kiran zai yanke. Wanda yake can shi zai ƙarasa shi kaɗai, ba mai gaya masa komai. In Paua ta ƙi tashi, mun kashe hanyar da hannunmu tun kafin wa'adi.

Na ce, "Ba za ta iya ba."

Ya ce, "Kullum haka kike cewa, kullum kuma sai ki zauna ki gyara. Ki tsallake na farkon mana, mu fara daga na biyu."

Na ƙwace rotin na cinye. Raina ya ɗan yi sauƙi, ban san dalili ba.

Alhamis, da azahar

Mun kafa tagwayen akwatin a kan benci, muka kulle shi da umarnina na wauta, muka gwada. Paua ta tashi, ta tsaya tana jiran ta gaida Kaka kafin ta fara aiki. Ni na koya mata haka tun da daɗewa. Manhajar da aka yi don ranar da babu Kaka, tana jiran izinin Kaka.

Gowan ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ya ce, "Tarbiyya ta yi mata yawa."

Juma'a

Ban taɓa komai ba sai benci. Saura mako ɗaya.

Asabar, da hantsi

Hoani ya kira daga wayar wani mai shago. Kullum yana zuwa bakin kogi ya tsaya yana kallon inda gada take a da.

"Ƙanwata, gaya mini gaskiya."

"Zuciyar tana bugawa lafiya, jiya ma likita ya ce kamar ganga."

"Ba shi na tambaya ba. Muryarki irin ta bara ce."

Na ce masa mura nake yi. Ya ce in sha lemon tsami da zuma. Mu duka biyun mun iya ƙarya da ladabi.

Lahadi, da yamma

Na gaya musu zancen wa'adin da na Paua. Anti Huia, Yaya, da Baba da ya cuso kansa cikin allo har ba a ganin komai sai hancinsa.

Anti ta ce ita hannunta na karɓar haihuwa ne, ba na danna baƙaƙen turawa ba. Baba ya ce, "Ni zan jona wayar. Na jona shingen lantarki na tumaki tun ba a haife ki ba."

"Baba, wannan ba shinge ba ne."

"Waya ce ko ba waya ba?"

"Waya ce."

"To."

Na zaci Yaya za ta yi faɗa don na ɓoye mata. Sai ta ce, "Ni zan danna. Ina zaune nan ba abin da nake yi sai kumbura. Malamar aji uku ce ni, na koya wa 'ya'yan Anti Mere masu taurin kai karatu, babu na'urar da za ta gagare ni." Ta matso da fuskarta. "Amma Ripeka, in kin sake ɓoye mini abu don kina ganin zan fashe, zan fasa ki."

Na yi kuka bayan an kashe. Na jin daɗi ne, ina tsammani. Na yi kewar ta yi mini tsawa.

Litinin, da safe

Tudun safe ya fito. Paua ta tashi sau uku a jere a kan benci.

Litinin, da la'asar

Sau na huɗu ta faɗi.

Talata, da yamma

Nilesh ya zagaye shagunan tsofaffin kaya ya samo kwamfuta irin ta makarantarmu sak, har da maɓallin da ya fita. A kanta Paua ta tashi lafiya, amma akwatin ya ƙi amsa mata. Muka yi ta haƙa har rana ta karkata. Ashe agogon kwamfutar ne. Batirin cikinta ya mutu, tana ganin shekarun baya muke, akwatin kuwa ba ya yarda da takardar shaidar da ba a haifa ba tukuna. Na sa Baba ya duba ta can. Ita ma haka, tana rayuwa a zamanin da nake sakandare.

Da ba don naci irin na Nilesh ba, da wannan ne zai kashe mu. Na gaya masa haka. Ya ce in rubuta a takarda in sa hannu, zai kai wa matarsa.

Mun fara bita da Yaya. Ta rubuta matakan da alli a bangon ɗakin ajiya, ta kuma mayar da su waƙa kamar yadda take yi wa yara da lissafi. Gyara agogo, tashi Paua, juya akwati, jira kore. Matan kicin sun kama, ana feraye dankali ana rerawa. Aikin shekara huɗu na digiri, ga inda ya ƙare.

Laraba, da azahar

Na so mu yi yau. Gowan ya hana. Ya ce sai ta tashi sau ashirin ba faɗuwa, a kan tsohuwar kwamfutar, kuma wani ne zai danna ba ni ba, domin hannuna ya san inda ramukan suke yana kauce musu ban sani ba. Shi ya zauna ya danna da yatsa biyu kamar kaza tana tsattsagar hatsi. A na sha ɗaya ya jona wayar a ramin da ba shi ba, komai ya tsaya.

Na tashi zan yi masifa, ya ce, "Mahaifinki ma zai iya yin haka."

Gaskiyarsa. Na zauna na koya wa Paua ta gane kowane rami aka sa ta. Ina jin haushinsa, ina kuma gode masa, ban gaya masa ko ɗaya ba.

Hazo har yanzu.

Alhamis, da safe

Tudun ya makara. Na zauna ina kallon layi a kwance, shayina ya huce. Na ji irin shirun nan. Na san shi.

Janareta ne ya ƙi tashi, in ji Anti daga baya. Tudun ya fito.

Alhamis, da magariba

Ashirin cif. Amma rana ta faɗi, Anti ta ce ba a yanke mata waya da duhu. Gobe da safe, bayan likita. Juma'a kuma. Gowan ya ce ya ɗage dokarsa na yini ɗaya, kada mu saba.

Baba ya ce za su yi addu'a a kan akwatin kafin a taɓa shi. Nilesh ya tambaya ko za a iya haɗawa da na benci.

Juma'a, da la'asar

Bari in rubuta a jere.

Da aka buɗe kira da safe, Anti ce a gaba, ta ɗaure kanta da ɗankwalin aiki. Ta ce, "Ta fara. Tun asuba. A hankali take zuwa, da sauran tafiya."

Likita ya ce zuciyar lafiya lau, amma yana so ya kasance a kan layi idan abin ya kankama, watakila da yamma. Da yamma kuwa babu layi, in ba mu yi ba. In mun yi ta faɗi, babu layi tun yanzu.

Na ce a bari Baba ya danna. Daga bayan Anti na ji muryar Yaya.

"Baba? Mutumin da yake neman tabaransa yana sanye da shi? Kawo mini kujera."

"Yaya, kina naƙuda."

"Na sani, a jikina take. Ni ce mai naƙuda, ni ce mai cewa. Tsakanin wannan da mai zuwa akwai lokacin dafa shayi. Mu je."

Suka kai ta ɗakin ajiya, tsakanin buhunan fulawa da katifu. Baba ya yi addu'a, ya ja ta da tsawo har Anti ta yi gyaran murya. Ya jona waya. Yaya ta gyara agogo, ta tashi Paua. Ciwo ya zo, ta riƙe gefen kantar ajiya ta sunkuya tana huci, muna kallo ba abin da za mu iya. Da ya wuce ta share goshi ta dubi allo.

"Ripeka, in bai dawo ba, ba laifinki ba ne. Kin ji? Na bara ma ba laifin kowa ba ne."

Kafin in buɗe baki ta danna.

Allo ya yi baƙi. Layi ya kwanta.

A benci abin ba ya wuce tafasar butar shayi. Buta ta tafasa a raina sau nawa, ban sani ba. Gowan ya tsaya a bayana yana numfashi kamar tsohon doki. Nilesh yana rera waƙar Yaya ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba. Ni kuwa kwaɗon na riƙe da hannu biyu, sai da na ga tsatsa a tafina na sani.

Sai layin ya motsa. Kaka ta rubuto cewa wata baƙuwa tana gaishe ta daga kwari.

Allo ya buɗe a kan hancin Baba. "Ya yi kore! Ke, ya yi kore tun ɗazu, yayarki ce ciwo ya kama kafin ta danna na ƙarshe, ta hana ni taɓawa!"

Daga nesa Yaya ta ce, "Da ka taɓa da yanzu muna kiran ƙasar Chile."

Tsakar rana ta zo ta wuce. Ba abin da ya mutu.

Juma'a, da magariba

Tudun bai sauka ba tun la'asar. Likita yana kan layi. Ba a kira ni ba, ban kuma kira ba. Na ware wa Hoani ɗan siririn wuri a hanyar, ya ji murya kawai, Nilesh ya karanta umarnin sau biyu ya ce na gani, Gowan ma ya karanta.

Ina zaune. Na iya zama.

Asabar, da safe

Mace ce.

Asabar, da hantsi

Anti ta ce jaririyar ta iso jiya kafin a kwanta, da ƙarfinta. Yau aka nuna mini ita, ja wur, gashi cike da kai, ta dunƙule hannu kamar mai shirin dambe. Paua tana buɗe wa wayoyin gari hanya bi da bi yanzu, gida-gida, kwamfutar Anti kuma kullum ita ce a gaba. Matan kicin sun ce an rage mini tukwane zuwa Ista.

Gowan ya kawo waina mai cuku ya ce a rubuta takarda a kan wannan. Na ce sai dai a sa sunan Yaya a farko. Kwaɗo yana nan a teburina, ba wanda ya yi sabuwar wauta tukuna, ban kuma ƙi ba.

Ina cikin yi wa Yaya surutu jaririyar ta tsage da kuka. Hanyar siririya ce, sautin ya riƙa tsinkewa yana dawowa. Yaya ta kai hannu za ta rage murya, ta ce, "Bari in kashe, za ta fasa miki kunne."

Na ce kada ta taɓa.

Bara a wancan ɗakin mun jira wannan kukan, ni da Hoani a bakin ƙofa, bai zo ba. Namiji ne. Sunansa Manaaki. Tun ranar ban rubuta sunan ba ko sau ɗaya, yau na rubuta.

Yaya ta dube ni, ta janye hannunta. Muka bar ƙanwarsa ta yi ta kuka har ta gaji don kanta.